Dillanci a intanet: ta ina mai farawa zai kama?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama bautar ƙasa bara, ina zaune a Zariya, har yanzu aiki bai samu ba. Kullum ina ganin samari a Facebook da TikTok suna nuna hoton alat, suna cewa da afiliyet suke samun kuɗi. Wani abokina ya ce in biya naira 25,000 in shiga wani kwas, duk wanda na kawo a ba ni rabin abin da ya biya. Abin da nake da shi waya ce kawai, sai ɗan kuɗin da na tara daga alawus. Don Allah da gaske ana samu? Ta ina zan fara? Kuma kuɗin halal ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya kawo aiki mai albarka. Abu uku ka tambaya a fili: ko ana samu, ta ina ake farawa, da kuma halaccin kuɗin. Amma na lura akwai na huɗu da ya fi matsa maka, wato ko ka tura wa abokinka 25,000 ɗin nan ko ka riƙe. Da shi zan fara: riƙe kuɗinka tukuna. Ba na zargin abokinka da mugun nufi, mai yiwuwa shi ma haka aka kawo shi. Sai dai in ka gama karanta amsar nan za ka iya auna kwas ɗin da kanka, kuma kuɗin da aka tara daga alawus ba a fitar da shi da gaggawa.

Yadda abin yake tafiya

Wannan sana'a ta afiliyet dillanci ce, irin wadda ka sani a kara. A kasuwar shanu ta Wudil ko ta Maigatari akwai mai dabba, akwai mai saye, akwai dillalin da ya haɗa su, in ciniki ya faɗa a ba shi la'adarsa. Bai mallaki saniyar ba, bai ciyar da ita ba, abin da yake ci da shi sanin kaya ne da sanin mutane. A intanet ma haka ne, illa dai kwamfuta ce ke shaida cewa kai ka kawo mai saye. Kamfani zai ba ka wani adireshi na musamman, mahaɗi, wanda lambarka ke cikinsa. Duk wanda ya danna shi ya shiga ya yi sayayya, sai a rubuta maka kamasho. Tsarin ya daɗe, Amazon, babban kantin intanet na Amurka, ta buɗe nata tun 1996, kuma yau da wuya ka ga babban kantin intanet da ba shi da irinsa.

Akwai abubuwan da masu tallar kwas ba su cika faɗa ba, alhali su ne ke raba wanda aka biya da wanda ya yi wahalar banza. Idan mutum ya danna mahaɗinka, ana ajiye wata 'yar alama a wayarsa da ke nuna ta hannunka ya zo, kuma alamar tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ce, sai in ya saka kayan a kwandon sayayya, a nan tana iya kaiwa kwana 90. Wasu kamfanoni suna ba da mako guda, wasu wata guda. In wa'adin ya wuce kafin ya saya, ba ka da komai. In ya danna mahaɗin wani bayan naka, a yawancin tsare-tsare na ƙarshen ne ke ɗauka. In ya ga kayan a wurinka, ya gamsu, ya tashi ya tafi shago ya saya da hannu, kamar yadda mutanenmu suka fi yi, nan ma ba a san da zamanka ba. Bayan an yi cinikin ma kuɗin ba ya shigowa nan take. Ana riƙe shi sai lokacin mayar da kaya ya wuce, sannan sai abin da ka tara ya kai wani adadi kafin a sakar maka. Saboda haka wanda ya yi ciniki a farkon wata yana iya ganin kuɗinsa sai wata na gaba ko na bayansa.

Da gaske ana samu?

Ana samu. Ni kaina ina samu, kuma na san waɗanda suke riƙe da gida da shi. Amma ɗauki biro mu yi lissafi, domin lissafin ne zai nuna maka girman aikin. A ce kana tallata fawa banki na naira 20,000, kamashonka kashi 5 cikin 100. Duk guda ɗaya da aka saya kana da naira 1,000. In kana son naira 100,000 a wata, sai ka sayar da guda 100. A abin da na saba gani, in mutanen da ba su san ka ba ne suka danna mahaɗi, a cikin ɗari da ƙyar ɗaya ko biyu za su saya. Ke nan kana bukatar dannawa 5,000 zuwa 10,000 a wata. Yanzu duba mutum nawa ne ke kallon sitatus ɗinka na WhatsApp. In saba'in ne ko ɗari, kuma rabinsu 'yan uwa ne da abokan makaranta waɗanda su ma neman aikin suke, ka ga inda gizo ke saƙa.

Wannan lissafi hanya biyu yake da ita ta gyaruwa. Ko dai kayan ya zama mai tsada, ko kuma mutanen su zama sun yarda da kai. In na'urar sola ce ta naira 600,000 aka ba ka kashi 3 cikin 100, ciniki ɗaya ya ba ka 18,000, wato abin da za ka sayar da fawa banki 18 kafin ka samu. In kuma mutum ɗarin nan masu neman sola ne da gaske, sun daɗe suna sauraron bayaninka, sun ga ba ka taɓa tura su ga kayan banza ba, to ba ɗaya ko biyu ne za su saya ba, adadin yana ninkawa sosai. A nan ne sana'ar take. Mahaɗi kowa yana iya samu cikin minti goma, kyauta. Abin da ke ɗaukar watanni shi ne tara mutanen da in ka ce "wannan batirin yana da kyau" za su ciro kuɗi ba tare da sun je sun tambayi wani ba.

Kayan da ba a taɓawa da hannu, irin su kwas da littafin da ake saukewa a waya da manhaja, su ne ake ba da kamasho mai yawa a kansu, kashi 30 har 50 cikin 100, saboda mai shi ba ya kashe komai wajen ƙara kwafi guda. Kayan shago kuwa ribarsu siririya ce, shi ya sa kamashonsu ba ya cika wuce kashi 10. Kuma ka sani kamfani na iya sauya adadin ranar da ya ga dama. A watan Afrilun 2020 Amazon ta rage kamashon kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, na kayan masarufi daga 5 zuwa 1, mutanen da suka shekara suna gina shafukansu a kan waɗannan kaya suka wayi gari fiye da rabin abin da suke samu ya tafi. Wanda ya jingina da kamfani ɗaya yana cikin wannan haɗari kullum.

Hotunan alat kuwa kada su ɗaga maka hankali. Ko da na gaskiya ne, abin da ya shigo suke nunawa, ba sa nuna abin da aka kashe wajen biyan Facebook kuɗin talla. Mutum na iya karɓar 300,000 bayan ya kashe 270,000. Sannan hoton kansa talla ne, an ɗora shi ne don kai ka gani ka biya.

Kwas ɗin abokinka

Tambaya ɗaya za ka yi masa, ka nace sai ya amsa: in na shiga, ban da shi kansa kwas ɗin, me zan sayar, kuma wa zai saya? In amsar ita ce za ka sayar da kwas ɗin koyon afiliyet ga wasu, su ma su sayar wa wasu, to kuɗin sababbin shiga ne kawai ke zagayawa. Na farko-farko suna samu, domin garin bai cika ba. Kafin abin ya iso kanka, yawancin samarin unguwarku da ke da 25,000 an riga an tallata musu. Za ka biya, ka damu 'yan uwa da saƙo na mako biyu, wataƙila ka kawo mutum ɗaya ka mayar da rabin kuɗinka, shi kuma ya shiga halin da ka shiga. Na ga wannan ya ɓata zumunci tsakanin abokai da suka tashi tare, kuma abin yana ba ni takaici, domin waɗanda ake kamawa da shi su ne marasa aiki da suka fi kowa bukatar kuɗin.

Ba duk kwas ne haka ba. Akwai dandamali na Najeriya irin Selar inda mutane ke sayar da darussan ɗinki, girki, zanen kwamfuta, lissafin kasuwanci, kuma masu kayan suna ba dillalai kaso. Wanda ya sayi darasin ɗinki don ya iya ɗinki ya samu abin da ya biya dominsa, ko da bai taɓa kawo kowa ba. Wannan shi ne ma'auni. Wasu dandamalin suna karɓar kuɗin rajista na shekara kafin su bar ka ka yi dillanci. Wannan kaɗai bai sa su zama 'yan damfara ba, amma kafin ka biya ka nemi ganin jerin kayan da ke ciki, ka duba ko akwai wanda kai da kanka za ka saya.

Akwai kuma nau'i na uku da ke sa rigar afiliyet alhali wani abu ne dabam: a ce ka zuba kuɗi su riƙa haihuwa kullum, in ka kawo wani a ƙara maka. MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, kuma a duka biyun waɗanda suka jawo 'yan uwansu don ladan kawowa su ne aka yi wa sallama a ƙofar gida. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da ya kai shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi. Duk inda aka ce zuba kuɗi, kawo mutum, ga riba tabbatacciya, ja da baya.

Ta ina za ka kama

Kafin ka nemi kamfani, nemi fanni. Zauna ka tuna: a kan me mutane suke kiran ka neman shawara ko yanzu da ba a biyan ka? Wani in za a sayi waya shi ake tafiya da shi kasuwa. Wani ya san kiwon kaji, ya san abincin da ke sa ƙwai da maganin da ke aiki. Wani ya koyar a makaranta lokacin bautar ƙasa, ya san littattafai da manhajojin da ke taimakon masu JAMB da WAEC. Fannin da za ka iya magana a kansa wata shida ba ka gaji ba, ba ka kuma ƙare da abin faɗa ba, shi ne naka. Wanda yau yana tallar takalmi, gobe maganin basir, jibi fili a Abuja, babu wanda zai ɗauke shi masanin komai.

Kana da wata dama da samarin Legas ba su da ita, ita ce Hausa. Bayanin kaya da Turanci ya cika intanet, manyan shafuka masu ma'aikata da jari sun mamaye shi, ba za ka ture su da waya ɗaya ba. Amma nemi wanda zai zauna ya yi wa mai shagon aski bayani da Hausa, dalla-dalla, fanel nawa da batir nawa zai ɗauki injin aski biyu da fanka da fitila, da kuma bambancin batirin litiyom da na ruwa wajen daɗewa da farashi. Ba su da yawa. Masu bukatar wannan bayani kuwa suna nan daga Zariya har Maraɗi da Damagaram, kuma da yawansu sun fi son su ji da kunne ko su gani a bidiyo a kan su karanta. Wayarka ta isa wannan aiki.

Daga nan sai wanda za ka yi wa dillancin. Shawarata ga mai farawa irinka, wadda ba za ka ji ta a bakin masu kwas ba domin babu abin da za su sayar maka a cikinta, ita ce ka fara da ɗan kasuwa na gari wanda za ka iya zuwa shagonsa da ƙafarka. A Zariya akwai masu wayoyi da kwamfuta a PZ, akwai kasuwar Sabon Gari, akwai dubban ɗalibai a Samaru da Kongo masu bukatar kwamfutar da aka taɓa amfani da ita, fitilar caji da fawa banki. In ka leƙa Kano ga Farm Centre ta wayoyi, ga Kantin Kwari ta atamfa da shadda. Da yawan waɗannan 'yan kasuwa suna da kaya masu kyau, ba su da lokacin ɗaukar bidiyo ko amsa tambayoyi ɗari a WhatsApp. Kai kana da lokaci, ba ka da kaya.

Abin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne kana taɓa kayan da hannunka kafin ka yabe shi, kuɗinka yana shigowa a naira cikin asusunka na banki ko OPay ko Moniepoint ranar da aka yi ciniki, kuma in an samu matsala ka san inda za ka je. Amma tana da nata ramin, domin babu kwamfutar da za ta shaide ka. Don haka kada ka fara sai kun yi magana ta fito fili, ka kuma rubuta ta a saƙo ya amsa da "na yarda". Nawa ne la'adarka a kan kowane kaya, adadi ne tsayayye ko kaso? Yaushe za a biya ka? In an dawo da kayan fa? In wanda ka kawo ya dawo da kansa wata mai zuwa ya sake saye, kana da wani abu ko babu? Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi haddasa rigima, kuma yawancin 'yan kasuwa za su ce na farkon kawai za su biya. Ba laifi, in dai ka sani tun farko. Ku yi wata kalma ko lamba da mai saye zai faɗa a shago a san naka ne, ko kuma ka tura wa mai shagon sunansa kafin ya isa. In ɗan kasuwar zai rage wa mai faɗin lambarka ko da naira 500 ne, ka ga babu wanda zai manta da faɗa.

Abu ɗaya da nake jaddada wa duk wanda na koya wa: kada kuɗin mai saye ya bi ta asusunka. Ya tura kai tsaye ga mai kaya, mai kaya ya sa a mota ko ya ba ɗan aike, kai a ba ka la'adarka. Ranar da kaya ya ɓace a tasha ko ya iso a fashe, in kai ka karɓi kuɗin, kai ne mai kaya a idon mai saye da kuma idon hukuma.

Mataki na biyu shi ne manyan kantunan intanet da ke kai kaya a Najeriya. Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara a 2012, sun buɗe tsarin dillalai, haka ma AliExpress da Temu, wadda ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Rajistar irin waɗannan kyauta ce. Kamashon ya danganta da nau'in kaya kuma yana sauyawa, don haka karanta jadawalinsu a shafinsu ranar da za ka shiga, kada ka dogara da abin da wani ya faɗa a bidiyon shekara biyu da suka wuce. Ka tuna kuma yawancin mutanenmu suna son su ga kaya kafin su biya, kuma kai kaya ƙauye ko ƙaramin gari yana da wuya da tsada. Wannan yana rage yawan waɗanda za su kammala sayayya ta mahaɗinka.

Kamfanonin waje masu biya da dala su ne kowa ke hange, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Na fahimci kwaɗayin, amma ka bar su sai ka yi ƙwari. Yawancin masu sayayya a Amazon mutanen Amurka da Turai ne, kai kuma mabiyanka suna Funtuwa da Kaduna, kuma in ba ka yi ciniki uku cikin kwana 180 na farko ba, za su rufe rajistarka. ClickBank, wani dandalin dillanci na Amurka, ta daɗe ba ta karɓar rajista daga Najeriya, wasu suna shiga da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, da adireshin ƙarya, ranar da aka gane sai asusun ya tafi da kuɗin da ke ciki. PayPal ma, manhajar aika kuɗi da karɓa a intanet, ta shafe shekaru tana barin 'yan Najeriya su biya amma ba su karɓa ba, shi ya sa masu wannan aiki suka fi dogara da takwararta Payoneer ko asusun dala na banki. Ƙa'idar dai ita ce, kafin ka yi wa kowane kamfanin waje aikin kwana ɗaya, tabbatar yana karɓar ɗan Najeriya da sunansa na gaskiya, kuma akwai hanyar da kuɗin zai iso hannunka. Sunan da ke rajistarka ya zama daidai da na NIN da BVN ɗinka, harafi da harafi.

Abin da za ka riƙa ɗorawa

Zaɓi dandali ɗaya da za a riƙa ganin ka, TikTok ko Facebook ko YouTube, sannan WhatsApp ya zama inda ake kammala magana. Kada ka buɗe guda biyar ka kasa ciyar da ko ɗaya, ga data ta yi tsada tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Yawancin abin da za ka ɗora ya zama amsar tambayoyin da masu saye ke yi, ko da babu mahaɗi a ciki. Yadda ake gane batirin da aka sake wa kwali. Abin da za a duba kafin a sayi kwamfutar da aka taɓa amfani da ita. Wace waya ce ta fi riƙe caji a ƙasa da naira kaza. Tambayar da mutum ɗaya ya yi maka a saƙo, akwai hamsin da suke da irinta ba su tambaya ba, don haka ita ce bidiyonka na gobe. In ka zo yabon kaya, faɗi aibinsa tare da alherinsa: wannan wayar batirinta yana kwana, amma hotonta da dare ba ya fita, in don ɗaukar hoto kake so kada ka saya. Za ka rasa cinikin wannan mutum a ranar, amma shi ne zai turo maka ƙaninsa da maƙwabcinsa. A aikina na ga bayanin da aka faɗi aibin kaya a ciki ya fi kawo ciniki a kan wanda aka cika da yabo, kuma masu saye ta hanyarsa ba su cika dawo da kaya ba.

Faɗa wa mutane kana da la'ada. Jimla ɗaya ta isa: in kun saya ta hannuna ina samun wani abu, farashinku ba ya ƙaruwa. A Amurka doka ce, Amazon ma tana wajabta wa dillalanta su rubuta. A nan kuwa mutane sun san dillali yana ci, abin da ba sa yafewa shi ne su gano daga baya cewa wanda suka ɗauka mai ba da shawara don Allah ashe da rabonsa a ciki.

Kada ka biya kuɗin talla a watannin farko. Talla tana ƙara wa abin da ke tafiya gudu ne, in kuwa bayaninka bai sayar wa mutum ɗari da suka gan shi kyauta ba, biyan kuɗi don dubu goma su gani asara ce. Sami littafi ka riƙa rubuta abin da ka ɗora, mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya, nawa ka kashe a data da kuɗin mota. Bayan wata uku littafin zai nuna maka abin da za ka ƙara da abin da za ka bari. Ba zan iya yi maka alƙawarin adadi ko lokaci ba, domin ya danganta da fanninka, bakinka da juriyarka. Abin da na saba gani shi ne watannin farko kusan babu komai, kuma a nan mafi yawa suke bari. Don haka kada ka daina neman aiki ko koyon wata sana'a saboda wannan, ka riƙe shi a gefe har ya nuna zai iya ɗaukar ka.

Maganar halal

Fatawa ta malamai ce, ni ɗan kasuwa ne, amma ga abin da aka sani. Asalin ladan dillanci halal ne. Imam Bukhari ya ƙulla babi a kansa a Sahihinsa, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba, ya kuma kawo maganar Ibn Abbas cewa babu laifi mutum ya ce wa wani ya sayar masa da tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza nasa ne. Inda matsala ke shigowa shi ne abin da ake tallatawa da yadda ake tallata shi. Kamfanonin caca suna cikin masu biyan kamasho mafi tsoka, wasunsu ma kasonka daga abin da wanda ka kawo ya yi asara ake cire shi. Manhajojin bashi da ruwa su ma suna biyan ladan kawo mutum. Waɗannan hukuncinsu a fili yake. Sai magungunan da ba su da rajistar NAFDAC, na ƙarin ƙiba, na rage tumbi, na ƙarfin maza, da mayukan bilicin, waɗanda ribarsu ke da yawa kuma suka cika sitatus ɗin mutane. Ka nisance su, domin in ƙodar wani ta lalace ta dalilin abin da ka yaba, la'adar ba za ta wanke ka ba. Haka nan cewa "na gwada" alhali ba ka gwada ba, ko ƙirƙirar saƙonnin godiya na masu saye da babu su, ko cewa saura guda uku alhali sito cike yake, duk algus ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Shi kuwa tsarin biya ka shiga don ka kawo wasu su biya, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka yi masa bayaninsa yadda yake, har da amsar da abokinka ya ba ka a kan abin da ake sayarwa.

Game da 25,000 ɗinka, in ni ne zan ware wani kaso na data na wata biyu ko uku, in sayi ɗan makirfon na maƙalawa a riga domin mutane suna haƙuri da hoto maras kyau amma ba sa haƙuri da muryar da ba ta fita, ragowar in bar shi na kuɗin mota zuwa kasuwa. A makon nan rubuta tambayoyi ashirin da masu saye ke yi a fannin da ka zaɓa, ka je ka zauna da 'yan kasuwa biyu ko uku, ka ji wanda zai yarda da sharuɗɗan da na lissafa. In ka samu wanda ya yarda, turo mini abin da kuka rubuta in duba maka kafin ka fara. Allah Ya sa albarka a nema.